Ranar da na goya 'yar maƙwabta

Ina shekara sha tara na haifi Abdul. Ranar da na yi arba'in na sanar wa duk gidan hayarmu a Nima cewa ni ba irin 'yan haihuwar farin nan masu ruɗewa ba ce, gobe ma zan koma shagon ɗinki.

Da safe jarirai uku ne kwance a tabarmar Hajiya mai gidan. Ta ce, "Ke yarinya, tsaya ki duba."

Na ce, "Haba Hajiya, ko ido rufe na san ɗana."

Na sunkuci ɗaya na goya, na hau motar haya ta trotro har New Town ina yi masa waƙa. Madam mai shagonmu ta karɓe shi tana murna, sai ta dube ni ta ce:

"Ba namiji kika haifa ba? Wa ya huda masa kunne?"

Na koma a guje, na tarar da uwar yarinyar ido ya kumbura don kuka, tana shayar da Abdul.

Yarinyar ta shiga makaranta bana. Har yau da na fito zan tafi aiki, matan gidan za su ɗauka: "A ɓoye yara, ga ta nan!"