Rasuwar But Ɗina a Kwana na Uku na Tafiyar Kwana Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da bororo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan hawan tsauni rasuwar takalmina but, mai ruwan ƙasa, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin mai nauyi ne, ba zan ɓoye ba. Amma tsawon zamanmu bai taɓa bari na yi targaɗe ba. Ya shiga taɓo, ya taka ƙaya, ya ratsa rafi, safata ba ta jiƙe ba. Ba shi da surutu, in ban da "ƙiiƙ" ɗin da ƙafar dama ke yi a gangara.

Rashin lafiyarsa ta samo asali ne shekara biyu da suka wuce, lokacin da 'yata ta kawo mini kambas na masu gudu a daji, marar nauyi kamar takarda, wai zai sauƙaƙa wa gwiwata. Na ji daɗinsa, na ɗora marigayin a saman kabad, ban ƙara leƙa shi ba.

Sai ga tafiyar nan ta kwana tara, wadda na shekara ina shiri dominta, don likita ya ce da zarar an yi mini aikin gwiwa a wata mai zuwa, ni da doguwar tafiya sai abin da hali ya yi. Mako uku ina ajiye takalman biyu a tsakiyar falo ina kallonsu. Jagoran tafiyarmu ya ce but, saboda duwatsu da nauyin jaka. 'Yata ta ce kambas, don yana saurin bushewa. Maigidana, da na tambaye shi sau huɗu, ya ce duk wanda na ɗauka daidai ne. Ranar tashi kunyar tsohon aboki ta kama ni, na kakkaɓe masa ƙura na ɗaure.

Kwana biyu lafiya lau. A na uku, muna tsakiyar hawa, sai na ji sabuwar murya daga ƙafar dama: "fat, fat, fat." Tafin ya buɗe baki. Na naɗe shi da filasta, ya tsinke. Na ɗaure shi da igiyar tanti, ya yi haƙurin kilomita biyu. Daga nan tafin ya zauna a kan wani dutse, ni kuma na wuce da safa.

Na sauko da silifas ɗin aro, na dawo gida a bayan motar itace. Sauran mutum shida sun kammala tafiyar, har yau suna turo mini hotuna.

Shumekan layinmu, mai gyaran takalma, ya duba gawar, ya murza ragowar tafin ya zube kamar gari, ya ce ba tafiya ce ta kashe shi ba, ajiya ce. Da ina taka shi ko sau ɗaya a wata, da yana nan.

Ya bar ƙafar hagu, wadda ba abin da ya same ta kuma ba ta da amfanin komai. Da igiya biyu. Da safa mai kauri ƙafa uku. Da kambas, wanda na tarar a bakin ƙofa tsaf, ko ƙura babu. Ya kuma bar 'yata, wadda tun da na dawo ba ta ce uffan ba, sai shayi take kawo mini tana murmushi. Gara ma ta fito fili ta ce ai ta faɗa mini.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan gidanmu, kusa da kwandon shara. Ana roƙon masu ta'aziyya su shigo ta ƙofar baya, su sa abin da suka ga dama a ƙafa, kuma kada kowa ya zo da shawara. Ni za ku same ni a zaune, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi.