Gwaggo Ta Cika a Tsakiyar Hawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da kuma wata tambaya da ta hana shi karin kumallo kwana huɗu, Mai Agogo, shugaban Ƙungiyar Masu Kallon Jirgi, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wadda hayaƙi ya taɓa ɓata wa shanya, rasuwar Gwaggo, tsohon kan jirgin ƙasa mai lamba 1407. Ta cika ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in da biyu na safe, a tsakiyar hawan da ke bayan gada, tana da shekara arba'in da shida a kan dogo. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya kashe abu da tsabar ƙauna, a ina ya kamata ya zauna ranar makoki, a tabarmar masu karɓar gaisuwa ko a bakin ƙofa wajen takalma? An tambayi manya, an buɗe littattafai, har yanzu ba a sami amsa ba.

Ba za a roƙa mata gafara a wannan takarda ba, domin ƙarfe ba shi da hisabi, kuma Mai Agogo yana tsoron wasa da addu'a. Amma faɗin halin kirki ba laifi ba ne, kuma marigayiya tana da shi.

A takarda, Gwaggo mallakar hukumar jiragen ƙasa ce. A wurin kowa a unguwa kuwa ta Mai Agogo ce, tun ranar da ya kama shagon gyaran agogo mai taga ɗaya da ke fuskantar layin dogo. Ba ta taɓa yin gaggawa ba. Ba ta taɓa taka ko akuya ba, domin duk akuyar da ta gan ta tafe tana da lokacin da za ta ƙarasa cin ciyawarta, ta yi tunani, sannan ta sauka daga kan dogo cikin mutunci. Kullum tana makara da minti arba'in cif, ba ƙari ba ragi, har Mai Agogo ya ce wannan ba makara ba ce, riƙon alkawari ne da wani agogo na daban. Idan za ta tashi da safe sai ta yi gyaran murya irin na dattawa: "Uhum. Uhum. Gur-gur-gur, ɗuf!" Odarta kuwa ta dushe tun shekaru. Takan fara da ƙarfi, "Booooo," sai ƙarshen ya faɗi ƙasa, "ho," kamar ta tuna cewa akwai masu barcin rana. Idan ta wuce, duk agogunan shagon sai su yi rawa a bango. Akwai ɗaya ma mai katako da ba ya aiki sai ta girgiza shi.

Ga waɗanda ba su san al'adar ƙungiya ba: kowane ɗan ƙungiya yana da kan jirgin da ya zaɓa, yana kuma da tsummansa. Kowace Asabar da hantsi sukan shiga tasha da toka da lemun tsami, kowa ya goge lambar nasa har sai ya ga haƙoransa a ciki. Tsumman Mai Agogo guntun tsohuwar rigarsa ce, kuma shekara goma sha tara bai taɓa wani ƙarfe ba sai tagullar Gwaggo. Yana da aljihunsa na musamman. Ba a share gumi da shi.

Shekara shida da suka wuce aka kawo wani sabon kan jirgi shuɗi, mai sulɓi, mai tafiya shiru kamar mai bin bango. 'Yan ƙungiya suka sa masa suna Ɗan Gayu. Aka ba shi babban layi, aka mayar da Gwaggo cikin tasha tana jera taragu, ta tura wannan, ta ja wancan. Abin da ya fi ciwo shi ne, direban da ya bar Gwaggo ya hau Ɗan Gayu ba tare da ya waiwaya ba mijin ƙanwar Mai Agogo ne.

"Yaya, a cikinsa fa har da na'urar sanyi," in ji Direba, ranar da suka haɗu a gidan suna. "Rigar da na shiga da ita fara, fara nake fita da ita."

"To ka auri injin wanki mana," in ji Mai Agogo. A nan gaban jama'a ya zaro tsumman ya ɗaga sama, ya ce muddin yana numfashi wannan tsumma ba zai taɓa jikin Ɗan Gayu ba. Tun daga ranar, in Ɗan Gayu zai wuce, sai ya juya kujerarsa ya ba taga baya.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne a hankali. Ta soma shan ruwa fiye da kima. Baƙin mai yana ɗiga ƙarƙashinta duk inda ta tsaya. Babban Makanike, wanda ya san cikinta fiye da nasa, ya duba ta ya ce in aka bar ta da ƙaramin aikinta na cikin tasha, za ta ƙara shekara goma. Amma Mai Agogo ya kasa jure ganin wadda ta taɓa jan tarago talatin tana tura akwatunan siminti. Ya zauna ya rubuta wa hukuma wasiƙa yana roƙon a bar ta ta fita babban layi sau ɗaya tak, domin masoyanta su yi mata rakiya ta girmamawa. Ba a amsa ba. Ya sake rubutawa. A wasiƙa ta goma sha bakwai Babban Makanike ya zo shago da kansa.

"Mai Agogo, ka bar tsohuwa ta huta."

"Hutu ba daraja ba ne, Makanike."

"Tarago biyu. Mutum arba'in. Kuma kada a tsaya a hawa. Ka ji ni? In ta kama hawan nan, kada a tsaya."

Mai Agogo ya dafa ƙirji ya ce ya ji.

Ranar Asabar tasha ta cika. Tela, mataimakin shugaban ƙungiya, ya ɗinko tuta. Tsofaffin da suka je ɗaurin aurensu a bayan Gwaggo suka zo da sanduna da jikoki. Mai Agogo yana bakin ƙofa da takardar sunaye arba'in, amma wa zai iya duban dattijuwar da ta ce wannan jirgin ne ya kai ta gidan miji, ya ce mata babu wuri? Aka ƙara tarago na uku. Aka ƙara na huɗu, bayan an aiki Babban Makanike ya duba wani abu da babu shi a can ƙarshen tasha. Gwaggo ta yi gyaran murya, ta ja. Jama'a suka yi ta ihu, mata na guɗa, Tela na kaɗa tuta har ta maƙale a wata bishiya ya dawo da sanda zalla.

Ta haye gada lafiya. Ta kama hawa tana nishi, "ɗuf, ɗuf, ɗuf," amma tana ci. A nan ne abin ya faru. Duk mai kallon jirgi ya san cewa babu hayaƙi mai kyau a hoto irin wanda kan jirgi yake fitarwa idan ya tashi daga tsaye a kan hawa. Rana tana daidai. Ciyawa kore. Mai Agogo ya dubi wurin, ya dubi kyamarar Tela, ya taɓa kafaɗar direban da ke riƙe da ita a ranar, ya ce minti biyu kawai.

Aka tsaya. Masu hoto suka sauka suka jeru a gefen tudu. Mai Agogo ya ɗaga hannu, ya sauke. Gwaggo ta yunƙura. Wani hayaƙi ya tashi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, baƙi a ƙasa, fari a sama, ya buɗe kamar bishiya. Jama'a suka ɓarke da tafi. Mai Agogo ya yi tsalle har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Kun gani? Ɗan Gayu zai iya wannan?" Sun yi minti guda cur suna tafi kafin wani ya lura cewa babu sauran ƙara. Kalmarta ta ƙarshe, bisa shaidar waɗanda ke kusa, ita ce "tsssss."

Hoton ya fito da kyau ƙwarai. Wannan ma wata damuwa ce. Mai Agogo ya rataye shi ya sauke sau shida, domin bai san ko hoton ɗaukakarta ba ne ko shaidar laifinsa.

Ɗan Gayu aka turo ya jawo gawa da fasinjoji. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, hau mana, akwai sanyi." Mai Agogo ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya biyo dogo da ƙafa, kilomita goma sha ɗaya, yana ƙirga katakon layi don kada ya yi kuka.

Marigayiya ta bar taragu huɗu marayu, da tabon mai guda tara a cikin tasha, da agogon katako wanda ya tsaya cik tun ranar Asabar. Ta bar Babban Makanike, wanda har yau in ya ga Mai Agogo sai ya ɗaga yatsu biyu, sannan ya ɗaga huɗu. Ta bar matan unguwa da fararen shanya, suna murna a fili, ana roƙon su rage murya har a share makoki.

Game da makwancinta, an shiga mawuyacin hali. An sanar cewa masu yankan ƙarfe za su zo ranar Juma'a da wutarsu, su sassara ta a inda take, su loda a mota. Babban Makanike, duk da fushinsa, ya ce akwai wani guntun layi da ya mutu a bayan tsohon sito, ƙarƙashin wata inuwa, kuma ya sami izinin a ajiye ta can a matsayin rumbun kayan gyara, in har an kai ta kafin Juma'a. Mita ɗari uku ne kacal. Amma babu mai iya tura ta sai Ɗan Gayu, kuma sa'a ɗaya kawai yake da ita ta hutu, ranar Alhamis, a hannun Direba.

"Zan tura ta, Yaya, har da oda ta girmamawa," in ji Direba. "Abu ɗaya nake so. Tsumman nan. Lambar Ɗan Gayu. A gaban 'yan ƙungiya."

"Gara a yanka ni tare da ita."

"To a yanka ku. Ni dai ina nan."

Ranar Litinin Mai Agogo ya tara ƙarti arba'in, yawancinsu waɗanda suka yi tafi ranar Asabar, ya ce tunda hannuwansu ne suka raka ta lahira, su kai ta makwanci. Suka dafa, suka yi kabbara, suka tura har wandon Tela ya yage. Ba ta motsa ba. Can Babban Makanike ya zo wucewa da kofin shayi, ya hau, ya saki birki, ya sauka ya wuce abinsa. Suka sake turawa. Mai Agogo ya auna da abin awon Tela: yadi ɗaya da rabi a wuni guda. Ya yi lissafi a bayan takarda ya ga cewa a haka za su isa bayan wata bakwai, in babu wanda ya mutu.

Ya koma shago ya zauna da tsumma a kan gwiwa. In ya goge Ɗan Gayu, ya karya rantsuwar da ya yi saboda ita. In ya riƙe rantsuwar, za a yanka ta saboda shi, karo na biyu ke nan yana kashe ta. Ya tambayi kansa ko rantsuwar nan tata ce ko tasa. Ƙanwarsa ta kawo masa abinci, ta same shi yana wannan nazari, ta ce, "Yaya, tsumma ne fa." Ya ce mata ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, shekara shida ke nan tana zuba abincin mijinta da na yayanta a ɗaki daban-daban saboda guntun riga.

Saboda haka, ga tsarin jana'iza. Za a ɗauki marigayiya gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe daga layi na uku zuwa bayan tsohon sito. Ɗan Gayu ne zai tura. Masu rakiya su bi ta gefen dama, kada kowa ya taɓa birki, kuma an haramta tafi. Masu kyamara su bar ta a gida. Za a karɓi gaisuwa a shagon agogo. Mai Agogo zai zauna a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya a tabarma, ɗaya a waje, har a sami wanda ya san hukuncin.

Ana kuma sanar da 'yan ƙungiya cewa sharaɗi ya cika. Yau da hantsi Mai Agogo ya shiga tasha da toka da lemun tsami, ya tsaya gaban Ɗan Gayu, ya dube shi ido da ido karo na farko. Ya nemi lambar tagulla ya rasa, ashe da fenti aka rubuta ta. Ya goge ta duk da haka, fuska a murtuke. Sai ya ga datti a ƙarƙashin fitila, ya goge. Ya ga wani a bakin matakala.

"Ya isa, Yaya, na yafe," in ji Direba.

"Ka yafe me? Kai, yaushe rabon da ka duba bayan wannan ƙarfen? Da wannan ƙazantar za ka taɓa Gwaggo? Kawo tsani!"

Har zuwa lokacin da aka kai wannan sanarwa wurin bugawa yana kan tsani, ya gama gefen hagu. Duk mai zuwa jana'iza ana roƙonsa ya taho da toka.