Rasuwar Dolores, Motar da Ta Bar Layi Ɗaya a Rufinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Dattijo Merle Hovland na garin Alder Fork, tsohon mai raba wasiƙu, yake sanar da dangi, maƙwabta da abokan zaman filin ƙwallo rasuwar motarsa, Dolores. Rai ya yi halinsa ranar Juma'ar makon jiya da hantsi, a gefen titi cikin hamadar Nevada, mil dubu ɗaya da ɗari uku daga gida. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, bayan jinyar da ba ta wuce awa huɗu ba.

Marigayiyar ƙaramar bas ce mai launin ƙasa, ba kyakkyawa ba, gaskiya ɗaya ce. Merle da matarsa Verna suka saye ta a shekarar da suka haifi 'yarsu Colleen, don aiki ɗaya tak: ta riƙa kai su duk inda 'yan ƙwallon zari-ruga na Jami'ar Alder Fork za su yi wasa. A wancan zamani jami'o'i takwas ne a rukunin gasar, duka maƙwabtan juna. Mafi nisa awa biyar ce. Ka tashi da sassafe ranar Asabar, ka gasa namanka a filin ajiye motoci, a take ƙwallo ƙarfe ɗayan rana, a ci ku ko ku ci, ka dawo ka kwana a gadonka.

Kowa ya shaida Dolores mai haƙuri ce, amma mai ra'ayi. Ba ta taɓa yarda ta wuce mil hamsin da biyar a awa ba, kuma duk bayan awa biyu sai an tsaya ta sha iska. Da safe in aka murɗa mukulli sai ta ce "kir-kir-kir", ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta ce "gurrrum!" Ƙofar gefenta kuwa "ƙiiiii" take yi, har Verna kan ce gaisuwa ce, kada wanda ya kuskura ya zuba mata mai. Ta ɗauki tukunyar wake da nama mai yaji sau babu adadi ba ta taɓa kifar da ita ba, sai fa sau ɗaya, shi ma laifin Merle ne da ya taka birki yana gardama da rediyo.

Babban abin da za a tuna ta da shi shi ne rufinta daga ciki. Duk wasan da suka je suka gani a wani gari, kafin a tayar da mota Verna za ta durƙusa a kan kujera da baƙin alƙalaminta, ta rubuta kwanan wata da sakamako a sama. Doka ɗaya gare ta. "Abin da ido ya gani kawai ake rubutawa," in ji ta. "Na akwatin talabijin labari ne, ba shaida ba." Haka rubutun ya taso daga ƙofar baya, layi bayan layi, yana matsowa gaba shekara da shekaru.

Shekara uku ke nan da Verna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. A watanta na ƙarshe ta sa aka kama ta aka shigar da ita motar, ta auna abin da ya rage da rula, ta ja layi goma sha shida. Na ƙarshen ya faɗo daidai saman kujerarta. Ta miƙa wa mijinta alƙalamin ta ce, "Kai Merle, ka cike min su kafin ka biyo ni. Na ƙarshen nan na wasan Casco ne, kada ka ɓata min shi da wani."

Jami'ar Casco ita ce abokiyar hamayya, mil casa'in tsakani, an fi shekara ɗari ana karawa ana zolayar juna. Merle ya cika layi goma sha biyar da rubutunsa mai kama da tonon kaza. Bana ne za a je Casco a rufe. Bana ne kuma likita ya gaya masa idanunsa sun gaji, lasisin tuƙinsa daga Disamba shi ke nan.

To, a nan cutar ajali ta shigo, kuma ba daga injin ta faro ba. Masu gidajen talabijin suka zo da dala miliyan ban-san-adadi-ba, suka ce Alder Fork tana tara masu kallo, ta bar maƙwabtanta ta shiga wani babban rukuni da ya miƙe daga wannan teku zuwa wancan. Casco kuwa, wai ba ta da kasuwa. Manyan jami'a suka sa kwat suka fito suna murmushi, suka ce sun yi ne don ci gaban ɗalibai. Ɗaliban da za su kwana a filin jirgin sama da littafi a cinya! Wasan shekara ɗari aka soke shi da takarda mai layi uku. Rashin kunya dai ba ta da magani.

Merle ya yi sati biyu bai leƙa garejin ba. Daga baya ya tsaya gaban jadawalin wasannin da shagon sayar da abincin dabbobi ke rabawa duk bazara, wanda ke manne a jikin firjinsa, ya duba wasan waje mafi kusa. Mil dubu ɗaya da ɗari bakwai, can bakin tekun yamma, ranar Asabar. Ya ce a ransa da a bar layin fayau gara a cike shi da abin da ya samu, Verna za ta fahimta.

Colleen ta ce, "Baba, don Allah ka hau jirgi. Ko ka bari in duba maka a waya."

Ya ce, "Jirgi yana da rufin da zan yi rubutu? Kuma me za ki duba? Tun kafin a haife ki ranar Asabar ake ƙwallo."

Ya tashi ranar Talata. Kwana uku Dolores tana tafiya a natse, tana hawa duwatsun da ba ta taɓa gani ba, ba ta yi ko tari ba. Ranar Alhamis da yamma ya tsaya shan mai, sai matar da ke karɓar kuɗi ta dubi hularsa ta ce, "A'a, Baba, ɗan Alder Fork ne? To ka makara kuwa. Ai gobe ne wasanku, ƙarfe biyar." Ashe tun watanni masu talabijin suka mayar da shi Juma'a, don Asabar ɗinsu ta cika. Jadawalin firji bai ji labari ba. Saura mil ɗari shida da wani abu, ga shi idon Merle ba ya tuƙi in rana ta faɗi.

Gari na wayewa ya dafa sitiyari ya roƙe ta. Ya taka ta har mil saba'in a awa, abin da bai taɓa yi mata ba. Lokacin hutunta ya zo, ya wuce. Na biyu ya zo, ya wuce. Ba ta yi gardama ba, baiwar Allah, ta ba da duk abin da take da shi. Da hantsi ta fara "ƙwas-ƙwas-ƙwas", farin hayaƙi ya turnuƙe, ta gangara gefen titi da kanta don kada ta tare wa kowa hanya. Ya murɗa mukulli. Ta ce "kir". Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Merle yana so a sani bai yafe wa kansa ba. Yana cewa shi ya kashe ta. Mu da muka san abin da ya faru mun san ba shi kaɗai ba ne, amma ya ƙi jin wannan.

Wanda ya ɗauko gawar shi ne Orville Kretz, mai motar jan motoci, ɗan Casco na gani-kashe-ni, wanda ya shekara arba'in yana ajiye motarsa kusa da Dolores don kawai ya ci naman Merle ya kuma zagi ƙungiyarsa. Kwana biyu ya yi a hanya. Yana sauka ya ce, "Kai tsohon banza, kun yi arziki kun bar mu, ga shi matsiyacin ne ya zo kwasarku." Sai ya leƙa ciki ya ga layin da ya rage, ya juya ya ɗaure ta a bayan motarsa. Can a hanya ya ce, "Ka ji yadda wasan ya tashi kuwa?"

Merle ya ce, "Kada ka faɗa min. Ban gani ba."

Marigayiyar ta bar mai ita, ɗan shekara saba'in da tara. Da Colleen, wadda ta koyi karatun lambobi tana kwance a kujerar baya tana kallon sama. Da tukunyar wake. Da murhun gashi mai ƙafa uku da bulo ɗaya a madadin ta huɗu. Da jadawalin firji, wanda iyalai suka yanke hulɗa da shi. Ta kuma bar layi ɗaya fari fat a saman kujerar Verna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a filin ajiye motoci na Jami'ar Casco, inda babu wasa ranar, da ƙarfe ɗayan rana. Ƙarfe ɗaya muka ce, kuma babu mahaluƙin da zai matsar da shi. Orville zai jawo ta ya ajiye ta a gurbinta na kullum. Ya tara tsofaffi goma sha ɗaya daga Casco, ana neman goma sha ɗaya daga Alder Fork, duk wanda gwiwarsa ke iya lanƙwasuwa. Za a buga na minti ashirin, babu ture, babu kayarwa, don motar asibiti ɗaya ce a garin. Merle zai zauna a kujerar direba ya kalla da idonsa, ya rubuta duk yadda aka tashi, kafin a yanke rufin a kai masa gida, a miƙa sauran ga masu tsohon ƙarfe.

Kada a kawo furanni, a zo da cokali. Wanda ya zo da kyamara zai koma da ita. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zauna a kujerar gaba ta dama, tana da mai ita.

Daga ƙarshe, Merle na roƙon wani ya riƙo baƙin alƙalami a aljihu, amma kada ya fito da shi sai an tambaya. Na Verna yana nan, sai dai shekara guda ke nan ba a buɗe shi ba, kuma ya kasa gwada shi a takarda. Yana tsoron tawadar da ta rage ta layi ɗaya ce.