Rasuwar Faifan da Bai Taɓa Kai Ƙarshe Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya saba rubuta rasuwar wasu, nake sanar da rasuwar faifan fim na gidanmu. Ya cika ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a cikin na'urar da ya yi shekara tara yana shiga.

Marigayin ya zo mana ba kwali, ba suna. Wani ya rubuta masa “MAI KYAU” da baƙin alƙalami a gadon baya, kuma da wannan sunan muka kira shi har ya bar mu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, labarin wani mai awon filaye ne a wani birni na zamanin da bai zo ba. Kullum ya wayi gari sai ya tarar titi guda ya ɓace. Ba rushe shi aka yi ba: gidajen gefe biyu sun haɗe, taswira ta gyara kanta, kuma ba wanda ya tuna an taɓa yin titin sai shi. Duk wanda ya gaya wa, washegari shi ma babu shi. A minti na casa'in da bakwai, mutumin ya isa ƙofar ofishin da ake share titunan, ya ɗora hannu a kan mariƙi. A nan marigayin yakan yi “tsk, tsk, zirrr,” hoto ya farfashe gida-gida, sai ga mutumin a kan gadonsa a minti na goma sha ɗaya, yana buɗe ido.

Shekara shida muna ɗauka haka aka shirya fim ɗin. Yayana ya rantse bai taɓa ganin ƙarshe mai wayo irin wannan ba. Ƙanwata ta dage cewa mutumin ne ke share titunan da kansa bai sani ba. Maiɗakina ta ce dukanmu aikin yi muka rasa, amma kujerarta ce ta fi kusa da talabijin. Sai da wani mai gyaran rediyo ya ɗaga faifan a hasken taga, ya nuna mana karce mai tsawon farce, sannan muka gane. Da mai gyaran zai tafi, Yaya bai amsa masa sallama ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba, bai kuma taɓa raina hankalin mai kallo ba. Amma babbar hidimarsa ga Baba ya yi ta. Shekara uku ke nan da mantuwa ta fara cin mahaifinmu. Ta ɗauke masa sunayen jikoki, da hanyar banɗaki, daga baya har da fuskata. Duk da haka, in aka sa marigayin da yamma, Baba yakan gyara zama. Ya san titin da zai fara ɓacewa. Kuma duk sa'ad da “tsk, tsk, zirrr” ya zo, sai ya dafa gwiwata ya ce, “Ɗan jarida, ka gani ko? Sun sake mai da shi.” Sunan da yake tsokanata da shi ke nan tun ina koyon aiki. A wata goma sha huɗu da suka wuce, ban ji shi a bakinsa a wani wuri ba sai nan.

Jinyar marigayin ta fara a watan jiya da in'ina a tsakiyar magana. Mun goge shi da ƙyallen tabarau. Mun shafa masa man goge haƙori bisa shawarar maƙwabci. Ranar Talata na'ura ta haɗiye shi, ta yi gurnani sau uku, ta rubuta cewa babu faifai a ciki. Da muka fito da shi, tsaga ta tashi daga ramin tsakiya har baki.

Ƙanwata, da kyakkyawar niyya, ta binciko fim ɗin cikakke a waya. Ranar Laraba muka haɗa wa Baba a talabijin. Ya bi shi kamar kullum. A minti na casa'in da bakwai mutumin ya murɗa mariƙin, ƙofar ta buɗe. Baba ya jira. Can sai ya juyo, ya dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo, ya tambaya ko ni ne mai gyaran talabijin.

Fim ɗin ya ci gaba minti ashirin da biyu. Na ga ƙarshen. Ba shi da laifi. Ba zan ba da rahotonsa ba.

Marigayin ya bar na'ura ɗaya, da rimot ɗaure da roba, da gardama guda da ba a kammala ba, da dattijo mai shekara tamanin da ɗaya da ke zama gaban talabijin tun ƙarfe uku da rabi.

Za a naɗe marigayin a farin ƙyalle ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kai shi makwancinsa a aljihun teburin ɗakina, na ƙasa. Za a karɓi ta'aziyya a baranda, ba a falo ba, don Baba na ciki kuma ba a gaya masa ba. Iyalan ba sa karɓar sabon faifai. Amma idan a cikin masu zuwa akwai wanda ya iya yanka fim a kwamfuta, ya tsaya bayan an watse. Muna da lafiyayyen fim ɗin a hannu. Wanda zai lalata mana shi daidai wurin muke nema, har da sautin.