Gwaggo Ta Cika Ƙofa a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuma a kan kowa, Malam Ja'afaru Zubair, malamin kwamfuta a wata sakandare kusa da Zakirai, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ta shekara huɗu a zaurensa tana ɗauke da hirar unguwa. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar kwana tara. Mai rashin ya ce a rubuta cewa shi bai yarda mutuwar Allah da Annabi ta yi ba.

Marigayiyar ta zo daga Kano a bayan motar haya, tsakanin buhunan taki, ta hannu ce kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Malam Ja'afaru ya saka mata manhajar hira, ya haɗa ta da wayoyin mutum ɗari da arba'in, don maganar unguwa ta riƙa kwana a unguwa. Akwai ɗakin kowa da kowa, akwai na manoma, akwai na mata, akwai kuma inda mutum biyu za su keɓe. Mata ne suka raɗa mata Gwaggo, wai tana jin maganar kowa ba ta kai wa kowa.

An yi mata shaidar haƙuri da ƙana'a. Faifan sola ɗaya ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarta. Da safe takan yi gyaran murya, fuuuu, sannan ta ce tin, sau ɗaya tak, kowa ya san gari ya waye. Idan saƙonni suka yi mata yawa a farkon damina, sai a ji ƙit-ƙit-ƙit daga cikinta, amma ba ta taɓa ajiye kayan wani a hanya ba.

Game da ciwon ajalinta, dole a ɗan yi bayani. Masu yin manhajar iri biyu suke fitarwa. Akwai nunanniya, wadda aka gwada aka tabbatar, akwai kuma ɗanya ta gwaji, wadda kullum ake taɓa ta, da gargaɗi ɓaro-ɓaro a kanta cewa kada a ɗora mata maganar mutane ta gaske. To, a ɗanyar ce kawai ake iya aika saƙon murya, dattawan unguwa kuwa ba boko suke karantawa ba. Saboda su ne Malam Ja'afaru ya saka ta, wannan kowa ya shaida. Abin da ba ya son a faɗa shi ne, daga nan ya ɗanɗana daɗin riga kowa. Duk mako sai ya ɗebo sabuwa ya ɗura wa Gwaggo. Shi da ya tashi gidan noma, inda ko sabon irin gero aka kawo sai an fara gwada shi a kusurwar gona, bai taɓa gwada ko ɗaya a gefe ba.

Ranar Lahadin da ciwon ya kama ta, katangun ɗakunan suka zube. Saƙonnin sirri suka kwararo ɗakin kowa da kowa. Da yawa abin dariya ne, amma a cikinsu akwai muryar Baba Mika'ilu, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, yana gaya wa Liman Abdulbasit cewa shekara goma sha ɗaya ke nan yana cin kunyar shuka ɗaya ɗaya daga gonar ƙaninsa, yana so ya mayar da iyaka inda take kafin ya mutu, ba tare da duniya ta ji ba. Kafin ya aika sai da ya tako har zauren ya tambaya: "Ja'afaru, ka tabbata babu mai ji?" Shi kuma ya dafa Gwaggo ya ce, "Baba, daga bakinka sai kunnen Liman." Kafin azahar an ji muryar a kasuwa. Tun ranar Baba Mika'ilu bai ƙara fitowa jam'i ba.

Daga nan jiki ya yi ta rikicewa. Ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi. A kwana na uku aka ga wani baƙo a cikin jerin mutanen unguwa, ba suna sai lambobi, bai yi sallama ba, ya shiga ko'ina ya fita. A kwana na tara ta yi tin, tin, tin, sau uku, abin da ba ta taɓa yi ba, fankarta ta tsaya.

Ta bar faifan sola ɗaya, da batir mai kumburin ciki, da linzamin da ke tafiya in ya ga dama, da marayun wayoyi ɗari da arba'in.

Mai rashin yana so a san cewa bai kwanta ba. Yana zargin Nababa mai cajin waya, wanda ya taɓa tsayawa a bakin zaure yana kallon marigayiyar fiye da yadda ya kamata. Yana zargin mai gyaran sola na Ɗambatta, da ya cika tambaya. Ya ma ɗan karkata ga maiɗakinsa Sa'adiyya, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ni da shekara huɗu nake kewaye ta in ina shara? Ka dai sake tunani." Ya janye wannan, amma ya ce na ɗan lokaci ne.

Ƙanwarsa Muhsina, mai aikin kwamfuta a Kano, ita ta zo ta duba gawar. Ta haɗa marigayiyar da tata kwamfutar, ta daɗe tana karanta abin da ke ciki, shi kuma yana tsaye a kanta yana jero sunaye. Ta ce baƙon dai ya shigo, kuma babu mai iya cewa wane ne ko me ya kwasa. Sannan ta juyo da allon ta nuna masa layi ɗaya. "Yaya, ba fasa gidan nan aka yi ba. Sabuwar da aka ɗura ranar Lahadi da safe ita ta cire sakata. Ga sunan wanda ya ɗura." Malam Ja'afaru ya karanta sau biyu. Ya ce har yanzu akwai abin dubawa game da Nababa, amma a hankali ya faɗa, kuma bai ƙara maimaitawa ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan rumbun gidan. Liman ya ce babu salla a kan ƙarfe. Za a ciro daga cikinta faifan ajiya da maganganun mutane suke ciki, a farfasa shi da guduma a gaban shaidu, a binne, don kowa ya gani da idonsa.

Ba za a yi zaman makoki ba, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa gaisuwa. Mai rashin ne zai bi gida gida da ƙafarsa. Zai fara da ƙofar Baba Mika'ilu, inda ya riga ya yi sallama jiya da shekaranjiya aka ce masa Baba yana hutawa. Ya ce ranar Alhamis zai tafi da tabarmarsa, ya shimfiɗa a ƙofar.