Rasuwar Goggo Lukre, Mai Jan Jiragen Yaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Dujam Barich, tsohon bakaniken injinta, nake sanar da rasuwar Goggo Lukre, jirgin ruwan da ke jan jiragen yaƙi a tasharmu. Ta cika ranar Talata tana bakin aiki.

An ƙera marigayiyar a 1958. Tsawonta mita talatin, faɗinta takwas, da injin dizal biyu masu ƙarfin doki dubu. Ba ta da kyau, ba ta da sauri, ko bindigar harbin tsuntsu ba ta taɓa ɗauka ba. Amma in guguwar hunturu ta gangaro daga duwatsu, manyan jirage masu igwa suka rasa inda za su sa kansu, ita ke fita tana "tuf-tuf-tuf" ta jawo su gida ta hanci.

Ciwon ajalinta ya fara ne da bazara, da sabon kwamanda ya sa aka shafe sunanta aka rubuta lamba, ba a kira limamin coci ba, ba a zuba mata ko ɗigon giya a goshi ba. Na ce, "Yallabai, ba a sauya wa jirgi suna haka kawai." Ya ce, "Baba, ƙarfe ne fa, ba surukarka ba ce." Tun daga nan take tari da baƙin hayaƙi, har ta yi "kaf" ta yi shiru.

Ta bar mu, ma'aikatanta goma sha biyu, da kuma wani jirgin share nakiyoyi da injinsa ke mutuwa duk sanda ya ga dama, ita ce ke zuwa ta ɗauko shi. Ɗana tilo, Frane, a cikinsa yake aiki. Tsakani da Allah tsoro nake ji. Lokacin guguwar ya ƙarato, kuma an ce magajiyarta sai baɗi. Uwar yaron ta daina tambayata komai, sai dai ta kalli duwatsu ta kalle ni.

Za a kai gawar wurin masu yanka jirage ranar Alhamis, can hayin mashigar teku. Masu duba yanayi sun ce akwai iska. An rasa mai jan ta, sai aka ɗora wa jirgin su Frane.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo furanni. Duk mai kwalekwalen inji ya zo da shi, ya riƙo igiya mai kauri.