Ƙofar da Na Ce Na Gyara

Ba zan taɓa mantawa ba, da hantsin wata Talata ina kan keken ɗinki a shagona da ke Nguru, ina haɗa wuyan wata riga, sai ga kiran Kawu Sale daga Gashua. Ƙanen mahaifina ne, kuma ba mai kira don gaisuwa kawai ba ne. Ya yi sallama, ya ce, "Tela, sai haƙuri. Yaya ya cika. Bayan la'asar za a kai shi." Na yi salati, na ajiye wayar. Ƙafata ta ci gaba da taka keken na ɗan lokaci, allura tana hawa da sauka babu yadi a ƙarƙashinta.

Abin kunyar da zan faɗa ya faro ne wata biyu kafin wannan rana. Baba yana da wata tsohuwar mota da ya yi fiye da shekara ashirin yana zuwa fadamarsa ta shinkafa da tattasai da ita, can wajen Katuzu. Injinta lafiya lau. Ciwonta ɗaya ne, ƙofar gaba ta gefen fasinja ta sauka, ba ta rufuwa sai an sha fama. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, sai na ce ya ba ni ita in kai wa wani mai walda da na sani a Nguru. Na ce, "Kwana uku, Baba." (Ku tuna da sana'ata. Kwana ukun tela, Allah kaɗai ya san ranar cikarsa.)

Na kawo motar na ajiye a gindin darbejiyar ƙofar shago. Ɗinkin sallah ya taso, ya wuce, na biki ya biyo baya. Kullum ina ganinta, kullum ina cewa gobe. Duk sanda muka yi waya sai Baba ya tambaya, ni kuma in ce ana kai. Ranar Alhamis ta ƙarshe da na ji muryarsa, ya sake tambaya, kunya ta kama ni, bakina ya riga ni. Na ce, "An gyara, Baba. Yanzu da yatsa ɗaya ake rufe ta." Ya yi dariya, ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Niyyata in kai ta wajen mai waldar ranar Asabar. Asabar ta zo, wani ango ya zo da shadda.

To, ranar Talatar nan da ita na kama hanyar Gashua. Ban yi nisa ba ƙofar ta buɗe da kanta a wani rami. Na tsaya, na laluba aljihu, na sami ƙyallen atamfa, ragowar ɗinkin wata amarya, ja da ruwan ɗorawa. Da shi na ɗaure ƙofar a jikin ƙarfen kujera. Da na isa gida, duk da halin da nake ciki, sai da na yi dabarar ajiye motar yadda gefen nan zai kalli katanga. Har yau ina mamakin kaina. Mahaifina yana kwance a ɗaki an lulluɓe shi, ni kuma ina lissafin ɓoye ƙyalle.

Aka yi jana'iza, aka fara zaman makoki. Maza a kan tabarmi a ƙofar gida, jama'a suna zuwa daga Jakusko, daga ƙauyukan bakin kogi, a yi addu'a, a shafa, a yi shiru. A rana ta biyu, bayan azahar, Baba Bukar ya nemi tafiya. Shi ne aminin Baba tun suna samari, fadamarsu ma a jere take, kuma a Katuzu yake zaune. Ya tsufa, hawa babur yana ba shi wuya. Kawu Sale ya dube ni ya ce, "Tela, ga motar marigayi, kai shi gida."

Sai wani dattijo daga gefen tabarma ya ce, "Ai kuwa ranar Juma'a da muka zo duba shi ya ba mu labari. Ya ce ɗansa ya gyara ƙofar nan da ta gagari kowa, yanzu da yatsa ɗaya ake rufe ta." Mutane suka ce Allah ya yi albarka, haka ake son ɗa. Na sunkuyar da kai. Sun ɗauka ladabi ne.

Na juyo da motar, na yi sauri na buɗe ƙofar baya. Na ce, "Baba, nan ya fi faɗi, za ka miƙe ƙafa."

Ya ce, "Ɗan nan, shekara ashirin a gaba nake zama kusa da ubanka. Yau ce za ka mai da ni baya kamar buhun tattasai?"

Ya zagaya da sandarsa. Ga ƙyalle ja da ruwan ɗorawa yana lilo ta taga. Kawu Sale ya leƙo, ya ce, "Wannan kuma fa? Ko ita ma an yi mata ɗinkin sallah ne?" Wasu suka danne dariya, don wurin ba na dariya ba ne. Na kwance ƙullin da haƙori, saboda na ɗaure shi tamau. Baba Bukar ya shiga ya zauna.

A daidai lokacin wasu baƙi suka iso, liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Na tura ƙofar a hankali, ta dawo. Na tura da yatsa biyar, ta dawo. Na ja baya na maka ta, gam! Liman ya ɗan tsaya, ya ci gaba. "Allah ya jiƙansa." Jama'a suka ce amin, na sake maka ta, gam! "Allah ya sa ya huta." Gam! Sai da na yi sau huɗu, na ƙarshen har da kafaɗa, hulata ta faɗi cikin ƙasa. Ƙofar ta sake buɗewa a hankali tana ƙara, kamar tana ba da shaida. Da na waiga, duk wanda ke kan tabarmar nan hannunsa yana sama, idonsa yana kaina. Dattijon da ya ba da labarin yatsa ɗaya ya kawar da kai gefe. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Baba Bukar ya bari aka shafa fatiha, sannan ya ce, "Tela, bari haka. Ba a dukanta. Ɗaga ta ake yi." Ya sa hannuwansa biyu a ƙasan taga, ya ɗaga ta kaɗan, ya jawo. Ƙas. Ta rufu.

Mun wuce gada, mun shiga hanyar fadama. Can na ce, "Baba, ƙarya na yi wa mahaifina. Ita ce maganata ta ƙarshe da shi."

Ya kalli shinkafar da ke gefen hanya. Ya ce, "Ya sani."

Na kusa sakin sitiyari.

Ya ce, "Da mutane suka watse ranar Juma'ar, ya ce min, Bukar, in tela ya ce an gama, to yanzu ya zura zare a allura. Muka yi dariya har ya yi tari."

Na ce, "To me ya sa ya gaya wa jama'a na gyara?"

Ya ce, "An fara magana ne, wai ka riƙe motar ubanka wata biyu kana yawo da ita a Nguru. Ya ga gara ya rufa maka asiri. Bai san kai za ka zo ka tona da kafaɗarka ba."

A ƙofar gidansa ya sa na fito, ya nuna min yadda ƙarfen da ke riƙe ƙofar ya cinye, shi ya sa ta sauka, harshen makullin ba ya samun raminsa. Ya ce aikin da bai fi rabin awa ba ne. Ya sa na ɗaga na rufe sau uku, har hannuna ya gane.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In za ka yi wa mutum ƙaryar an gama, kada ya zama wanda ya koya maka tafiya, don ya san takunka. Yanzu in mai kaya ya tambaye ni, nakan ce ban taɓa ba tukuna, ko da zai ɓata rai. Wasu sun bar kawo min ɗinki saboda haka.

Da aka yi rabon gado motar ta faɗo a kasona. Na je wajen mai waldar, na sayi sabon ƙarfen, yana cikin akwatin gaban mota a naɗe cikin ƙyallen nan. Sau biyu ina kama hanyar garejinsa in juyo. Duk sanda na sa hannu a ƙasan tagar na ɗaga, a wurin da fenti ya goge saboda hannun mahaifina nake kamawa. Shekara ta zagayo, har yau ban gyara ƙofar ba.